Gilashin da Kawu Ya Nuna Mini

Allah da Ya ba mu aron Kawu Ya karɓi abinSa ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Ina tsaye a gaban firjin ɗakin bincikenmu babbar 'yarsa ta kira ni. Na yi salati, na nemi wuri na zauna.

Kawu, ba ka haɗa jini da kowa a cikinmu ba, amma daga Farfesa har mai shara haka muke kiranka. Shekara ashirin da shida kana ma'aikacin ɗakin nan. Kai kake yanka hanjin ɓera siriri kamar ɓawon albasa, ka shimfiɗa shi a kan gilashi bai yage ba. Ranar da na fara ganin ɓerayen na ɗare kujera, ka ce, "Dakta, sauko, shi ma fa tsoronki yake ji." Har yau ban zama dakta ba, amma ba ka taɓa kirana da wani suna ba. Lokacin da nake da ciki, warin ruwan adana nama yana tayar mini da zuciya, wata uku kana yi mini wannan aikin ba ka bari kowa ya sani ba.

Bincikena na digiri na uku a kan wani furotin ne da ke ɗaukar maiƙo a hanjin ɓera. Ido ba ya ganinsa, sai an ɗiga wa naman antibodi, wani ruwa da ake sayowa a 'yar kwalba. Aikinsa ya nemo wannan furotin shi kaɗai ya manne masa, sai wurin ya rine ruwan ƙasa. Kai kuma kana da doka: ba a yarda da sabuwar kwalba sai an gwada ta a hanjin ɓeran da aka haifa ba shi da furotin ɗin. In gilashin ya fito fari tas, kwalbar mai gaskiya ce. Mukan yi maka tsiya cewa ko takardar kamfani ba ka yarda da ita, ka ce ai takarda ba ta taɓa ganin hanji ba.

Bara kwalbata ta ƙare kana hutu. Sabuwa ta iso, kamfani ɗaya, suna ɗaya, lambar zubin da aka haɗa ruwan a cikinsa ce kawai ta bambanta. Ina sauri, na tsallake gwajin. Sakamako ya fito da kyau har Farfesa ya yaba mini a gaban mutane. A kansa na gina rabin kundina, da maƙalar da wata mujalla ta karɓa.

Mako uku kafin ka kwanta ka kira ni wurin madubin duba nama. Na leƙa, na ga ruwan ƙasa ko'ina.

Ka ce, "Dakta, wannan ɓeran ba shi da furotin ɗinki. To me kwalbar nan take kamawa?"

Na gane nan take cewa aikina na shekara huɗu ne a kan gilashin nan. Maimakon godiya sai na ce, "Kawu, aikinka yanka nama ne, ba duba sakamako ba."

Ka dube ni ka ce, "Haka ne, 'yata. Ba zan kai ki gaban Farfesa ba. Da bakinki za ki faɗa."

Daga ranar na riƙa kauce maka, in ka shigo ta nan in fita ta can. Da aka kwantar da kai na yi ta cewa gobe zan je. Na je a rana ta takwas, lokacin ba ka gane kowa.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole in faɗe shi. Ranar rasuwarka, ina cikin kuka, zuciyata ta raya mini cewa yanzu babu wanda ya san zancen sai ni. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba. Kwana goma ina shiga ɗakin nan ina kasa taɓa komai.

Jiya da safe na ɗauki gilashin na kai wa Farfesa, na kuma rubuta wa mujallar cewa na janye maƙalar. An soke ranar kare kundina. Ban sani ba ko za a ba ni damar sake aikin, ina kuma jin tsoro ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka riƙe ta tsaya maka. Allah Ya ba Gwaggo, mai ɗakinka, da 'ya'yanku biyar haƙurin wannan rashi. Kuskuren aiki na samu inda na kai shi. Maganar da na yaɓa wa Kawu ce ban san inda zan kai ba, don haka Gwaggo, ina roƙon ku yafe mini a madadinsa.