Hannun da Chacha Manzur Yake Ɓoyewa

A unguwarmu a Multan ana cewa Baji Nighat, 'yar kawuna, in ta kalle ka sau ɗaya za ta faɗa maka abin da ka ci shekaranjiya. Ƙarya ce, ni na ƙaga ta a wajen mai shayi. Amma gaskiyar ma ba ta fi ƙaryar sauƙin yarda ba.

Shekara goma sha tara tana ɗaki guda a asibitin ƙoda. Kafin likita ya haɗa jijiyoyin da za a riƙa wankin ƙoda ta nan, ita ke bin hannu da na'urar hoto, tana auna jijiya siririya kamar gashin gira. Hannun da aka yi wa aikin sai lallaɓawa har abada, shi ya sa ake zaɓen wanda ba ya ciyar da mai shi.

Ran nan na kai mata maƙwabcinmu Chacha Manzur, tela, a kekena.

"Chacha, da wane hannu kake aiki?"

"Dama mana, 'yata. Ni ɗan mutunci ne."

Har an rubuta hagu a takarda. Baji ta kama hagun, ta shafa babban yatsa.

"Wannan kantar fa? Almakashi ya yi ta."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ashe bahago ne. Tun yana yaro aka dake shi har ya koma ci da dama, shekara sittin yana juya wa ƙofar shago baya in zai yanka yadi.

Jijiyar dama kuwa ta ƙi fitowa. Baji ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta tsoma hannun, ta ɗaure dantse, ta yi ta bi. Ni da ko wa'azi ba ya rufe mini baki, na kasa tari. Can ta zana layi da alƙalami.

"Ga ta. Hagunka naka ne, Chacha, je ka ci gaba da ɗinki."

Na miƙa mata hannuwana biyu. "Baji, ni fa, wanne ne na aiki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai duk wanda aka taɓa babu asara. Ranar da za a yi wa bakinka aiki, ranar zan yi dogon awo."