Ƙasar da Boniface Ya Kwanta

Agnes, wadda kowa a Sabon Gari ke kira Maman Blessing, tana da kula huɗu, benci biyu da laima ɗaya a bakin tashar manyan motocin kudu. Teba da miyar agushi take sayarwa, sai shinkafa. Ni atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma mijinta Boniface shi ke gyara mana janareta. Ta nan na san gidan.

Boniface ya rasu a cikin kullen korona, hawan jini ya kayar da shi. Kafin bakinsa ya rufe ya riƙe hannunta ya ce, "Ki kai ni gida." Ta ce to. A wajen mutanensu wannan ba ƙaramar magana ba ce: namiji a ƙasar ubansa ake binne shi, ko daga wace uwa duniya za a ɗauko gawar.

Amma hanya a rufe take. Na bi ta wajen direbobi uku, kowa ya ce ba zai iya ba. Ɗakin ajiye gawa ya cika, ga wuta ba ta tsayawa. Maƙwabciyarta Hajiya Bintu ta ce, "Haba Madam, ƙasa ai duk ta Allah ce. Ki rufa wa bawan Allah asiri." Fadan cocinsu ma haka ya ce. Aka binne shi a maƙabartar Kirista ta Kano, mutum tara a bakin kabari, har da ni.

Wansa Okechukwu ya bugo waya daga ƙauye ya ce ta jefar musu da ɗan'uwa kamar bare. Daga nan dangin miji suka daina gaisuwa. Abin da ya fi cin ta ba fushinsu ba ne. "Malam Modu," ta ce min, "da bakina na ce masa to."

Ba ta kwanta ba. Ta sayar da kayan aikinsa ta ƙara kula biyu, ta riƙe 'yarsu Blessing a makaranta. Ranar Asabar kuma sai ta ɗauki tsintsiya da fartanya ta tafi maƙabarta. Da fari nasa kaɗai take nomewa. Sai ta lura da na gefensa, waɗanda aka binne a lokacin kulle, danginsu na kudu, ba mai leƙowa. Na taɓa raka ta na ƙirga: goma sha bakwai take sharewa.

Na ce, "Maman Blessing, waɗannan kuma wa ya ɗauke ki aiki?"

"Wanda ya ɗauke ka sayar da atamfa mai zuba," ta ce, tana dariya. Sannan ta ce, "Yesu ma a kabarin wani aka sa shi. In Ubangiji ya bar ni a Kano, ai da dalili."

Duk da haka, in motar kudu ta tashi ɗauke da akwatin gawa, sai ta juya baya ta kama goge benci.

Bara Okechukwu ya zo da kansa, da takardun izinin tono gawar da kafintan da zai haɗa akwati. Ya tsufa, yana dogara sanda. Bai yi faɗa ba. Ya ce uwarsu ta kusa, kuma ta rantse ba za ta tafi ba sai ɗanta ya kwanta a bayan ɗakinta. Sa hannun Agnes kawai ya rage.

Blessing, wadda aka haifa a Kano, ƙauyen ma sau biyu ta taɓa gani, ta tsaya a ƙofa. "Mama, in suka ɗauke shi, ni ina zan riƙa zuwa? Kawu, sai yanzu kuka tuna da shi?"

"Rufe min baki," in ji Agnes. "Wan ubanki ne."

Ta je coci ta daɗe, ta dawo ta sa hannu. Ta rufe kulolinta, ta shiga motar ta zauna kusa da akwatin har ƙauye. Surukarta ta rungume ta, dangi suka ci abincin da ta dafa.

Da ta dawo na je na zauna a benci, ta zubo min ba tare da na tambaya ba.

"To, yanzu hankali ya kwanta?"

"Rabi," ta ce. "Na cika wa uban alkawari, na karya wa 'yar zuciya. Tun da na dawo ba ta ce min ko sannu ba. Abinci ma sai na bar ɗakin take ci."

"Za ta huce."

"Ina addu'a. In ba ta huce ba ma, ni na jawo, zan ɗauka." Ta miƙo min ruwan wanke hannu. "Ci mana, Malam Modu, tebar za ta sandare."