Shiga Kwamfutar Oga Ba Sallama

Ranakun aiki da yawa na manta da su, wasu ma da gangan, amma ban taɓa mantawa da ranar da na zagi Oga a kan allon kwamfutarsa ba. Ku da kuka zo kuka tarar ana yi wa na'ura sallama a kamfanin nan kuna dariya, ga asalin abin.

Ni Garba mai zanen gini ne, ƙaramin ma'aikaci. Ban wuce aji uku na sakandare ba, a hannu na koyi aikin. Akitet ke ƙirƙiro gini, ni in ja masa layuka, shi ya sa hannu sunansa ya fita. Waɗanda na koya wa riƙe rula, yau su nake ce wa ranka ya daɗe. A bar wannan zancen.

Ofis uku gare mu: babba a Kaduna, ɗaya a Zariya, sai ɗan shagon Birnin Gwari inda aka jefa ni ni kaɗai. Mutanenmu ba ruwansu da layukan zane. Sai ka nuna musu hoton gini kamar an riga an gina shi, da fenti da inuwa, sannan su ce to. Fitar da wannan hoto shi muke kira renda. Kwamfutata ba ta iyawa, in ka matsa mata sai ta yi zafi kamar dutsen guga ta mutu. Babbar na'urar tana Kaduna. Don haka sai in zuba aiki a filas, ɗan abin ɗaukar bayanai daga kwamfuta, in sa a aljihu, in shiga mota. Kun san abin da hanyar nan ta zama a waɗancan shekarun. Akwai ranar da na yini kwance cikin ciyawa ina jin harbi, takalmi ɗaya a ƙafata. Da na dawo na rantse wa uwar 'ya'yana ba zan ƙara bin hanyar saboda hoton gini ba.

Oga, Akitet Sani, ya ce min a waya, "Garba, in aiki ba zai iso Kaduna ba, ofishin Birnin Gwari ba shi da amfani." Na gane karatun.

Rifkatu, mai kula da kwamfutocinmu a Kaduna, ita ta nemo dabara. Ta haɗa tawa da babbar ta intanet, har allon can ya fito a gabana. Ta ce, "Baba Garba, kana zaune a nan, hannunka yana Kaduna." Ta kuma buɗe folda ɗaya da ofisoshin uku ke gani; abin da ka ajiye a ciki, kowa zai iya ɗauka. Oga ya ce a gwada da aiki ɗaya. In ya fito, ofis ya zauna. In bai fito ba, ko hanya ko gida.

Aikin na ɗakin shan magani ne na wani ƙauye a Randagi. Damina ce. Shugaban kwamitinsu, Malam Shu'aibu, ya iso a babur da laka har gwiwa. Washegari zai nuna wa jama'a hoton, kuma dole ya juya kafin la'asar, don ba a kai yamma a wannan daji.

Na ajiye zanen a folda, na shiga babbar na'ura, na kunna renda. Hoto ya fara fitowa daga rufi. Ya kai taga, sai na ga kibiyar linzamin kwamfuta tana tafiya da kanta a kan allon, ta je ta rufe min aiki. Na sake kunnawa, aka sake rufewa. Na ce ba wasu ba ne, yaran Zariya ne masu digiri. Na buɗe shafin rubutu a kan allon, na buga da manyan baƙaƙe: WANE MARA TARBIYYA NE KE SHIGA GIDAN MUTANE BA SALLAMA?

Kibiya ta tsaya. Can sai rubutu ya fito a ƙasan nawa: "Mai gidan ne."

Malam Shu'aibu ya ce, "Lafiya, Malam Garba? Ka jiƙe da gumi."

Na ce, "Na zagi mai ba ni abinci."

Ya sa na karanta masa, ya yi dariya har da buga cinya. "To ai kai ne baƙon! Gidansa ka shiga. Kai ka yi sallamar?"

Gaskiya ɗaci gare ta. Na buga, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

"Wa alaikumus salam. Ban san da mutum a ciki ba. Aikin wa?"

Na gaya masa, har da maganar la'asar. Ina kallo ya rufe nasa aikin, na wani babban otal, ya buɗe nawa ya kunna da hannunsa. Sai ruwa ya sauko, sabis ya ɗauke, allo ya daskare. Muka yi azahar, muka dawo muka zuba wa kwamfuta ido kamar masu jinya. Malam Shu'aibu ya fara ɗaure hular ruwansa, ni kuwa ina tunanin abin da zan ce wa matata.

Da sabis ya dawo, ɗan kaɗan, na leƙa folda. Ga hoton an gama, an kuma rage masa nauyi don ya iya saukowa da sabis irin namu. Sunan da Oga ya sa masa: "Na Garba mai tarbiyya." Na buga a takarda, muka naɗe a leda, Malam Shu'aibu ya cusa a cikin riga ya tayar da babur tun rana na sama.

Daga nan Rifkatu ta mai da shi doka: duk wanda ya shiga babbar na'ura, ya rubuta sallama ya jira. In an amsa, da mutum a ciki, sai ku sasanta. In shiru, bisimilla.

Ofishin Birnin Gwari ya zauna. Ba a ƙara min girma ba, har yau ni ne Garba mai ja wa wasu layi. Amma na gode wa Rifkatu, na gode wa Oga, wanda na ɗauka ba ya ganin kowa sai otal. Abin da na koya shi ne, na'urar da mutane da yawa ke taɓawa gida ce, kuma bayan kowace kibiya akwai mutum da tasa la'asar. Filas ɗin yana nan a aljihun tebur. Ban ƙara shiga mota da shi ba.