Ƙorama a Cikin Ganga

Ɗiyata ce ta kawo mini kalmar daga makaranta. Dawowata ke nan daga kasuwar Aziziya, inda nake tuƙa motar kayan gwari, ko takalmi ban cire ba ta tare ni. Malamar Turanci ta raba musu tsofaffin kalmomi, kowa ya zano hoton tasa. Ita ta samu runlet.

Na yi sakandare, amma wannan kam ban taɓa jin ta ba. Na duba waya. Wai ƙaramin rafi ne, ko kuma ƙaramar ganga. To wanne ke nan? Ruwan da ke tafiyarsa da ruwan da aka kulle, a ce sunansu ɗaya?

"Ƙorama ce," na ce mata, don ita na fi so.

"Esh ƙorama, Baba?"

A nan unguwar Manfuha, ƙasar Larabawa, aka haife ta. Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na shiga bayani: ruwa ne siriri mai bi ta bayan garinmu, kan yashi, inda muke wanka muna yara.

"Aha, jadawal!"

Nan kaina ya ƙara kullewa. Ni jadawalin da na sani shi ne na wurin aiki, mai nuna wanda zai yi lodin asuba. Ashe a Larabcin makaranta ƙorama ma sunanta ke nan. Uwarta ta ɗago murya daga kicin: "Ku zana gangar mana ku huta!" Sai yarinya ta hau kiɗa tebur. Ita a saninta ganga ta biki ce.

Haushi ya kama ni, ban ma san na wa ba. Na kinkimi 'yar shuɗiyar gangar da muke tara ruwa, na fita lungu, yarinya na biye da ni, na karkata ta. Ruwa ya bi gefen kwalta, ya kewaye tayar wata mota, ya tafi da murfin kwalba. Maƙwabcinmu, mutumin Maraɗi, ya leƙo ta taga.

"Lahiya, Malam? Baladiyya, hukumar gari, na cin tara hwa!"

Ban kula shi ba. Na ce mata, "Kin gani? Haka take. Sai dai ta gida ba ta ƙarewa."

Ta tsuguna tana kallo har rana ta shanye shi.

Washegari ta nuna mini zanenta: ganga a karkace, ruwa na fita. Wai malama ta yaba, ta ce ta haɗa ma'ana biyu. Na ji daɗi sosai, har ina cewa a raina yarinya ta gane. Sai ta ɗago kai.

"Baba, a garinku wa yake riƙe gangar?"

Garinku. Na buɗe baki in gyara mata, na rasa ta inda zan fara, ta gangar ko ta garin.