Mama Talatu, Wadda Ta Koya Mini Zaman Glasgow

Da safen nan labarin ya iske ni. Mama Talatu ta rasu.

Ɗanta Bitrus ne ya kira ni daga Mahuta, ina tsakiyar wanke-wanke a gidanmu nan Zuru. Ya ce, "Anti Hauwa, Mama ta tafi." Na zauna a kan turmi, hannuna duk kumfa.

Na yi kuka sosai. Amma bayan innalillahi, abin da ya fito daga bakina shi ne alhamdulillahi. Har mahaifiyata ta ɗago ta dube ni.

Ina rubuta wannan ne a wata kafe ta intanet kusa da kasuwa, janareto na ta ƙara a kunnena, layin kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Ku yi haƙuri da tsawonsa. Da yawanku ba ku san ta ba, ina so ku san ta.

Shekara shida ke nan da na sauka a Glasgow, can ƙasar Scotland, da akwati ɗaya da takardar aikin nas. Kafin neman biza ban taɓa wuce Kaduna ba. Na je da tunanin na iya Turanci. Ranar farko direban bas ya yi mini magana sau uku, ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Na tsaya da kuɗi a hannu, layi ya taru a bayana, kunya kamar in nutse.

Ruwan sama kullum. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Maƙwabcina zai wuce ni a matakala ko kallo babu. Sati biyu biredi da shayi kawai nake ci, don ban san yadda ake kunna murhun ɗakin ba, kuma ina jin nauyin tambaya.

Wata rana a asibitin da nake aiki ina tsaye gaban wayar bango, na sa katin kira ina magana da mahaifiyata. Ina ta ce mata lafiya lau nake, hawaye na zuba. Da na aje wayar sai na ji an ce a bayana, "Ke ɗiyar wa ce a Zuru?"

Na juya a firgice. Wata gajeriyar dattijuwa ce riƙe da sandar goge ƙasa, da rigar masu shara a jikinta. Ashe daga Hausata ta gane garinmu. Ta gaishe ni da C'lela, yaren mutanen Zuru. Na ce mata ban iya sosai ba, kakata ce ke yi. Ta ce, "To, kin ji kunya. Kin ci abinci?"

Haka muka haɗu da Mama Talatu.

Ranar Asabar ta zo ɗakina da kanta. Ta buɗe firji ta ga ba komai sai madara, ta girgiza kai. Ta taɓa mayafina ta ce, "Da wanga za ki yi sanyin garin nan? Mutuwa kika zo yi?" Ta ja ni zuwa shagon gwanjo ta zaɓo mini wata ƙatuwar kwat ta sanyi mai ruwan ƙasa, mummuna ta gaske. Shekara huɗu na yi ina sa ta.

Ita ta koya mini kunna murhu da hita mai ɗumama ɗaki. Ita ta nuna mini ranar fitar da shara, da kwandon da ake zuba kwalba daban. Ta ce in na sauka daga bas in yi wa direba godiya, haka mutanen garin suke yi. Ta ce in tsohuwa ta yi mini zancen ruwan sama a tasha, to gaisuwa ce, in amsa mata, kada in tsaya ina kallonta.

Mama Talatu Kirista ce, ba ta fashin coci. Amma ita ta kai ni shagon wani ɗan Pakistan mai sayar da naman halal, ta sa ya zana mana alƙibla a bayan kwali. Muka dawo ta tura gadona gefe don in samu wurin shimfiɗa darduma. A shagon nan ta nuna mini garin shinkafa, ta ce da shi ake tuƙa tuwo a nan. Kuka da daddawa kuwa tana da su a ɓoye cikin gwangwanin biskit, kamar zinariya.

Ranar da na fara soya manja ni kaɗai, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, duk mutanen benen suka fito waje cikin ruwa. Da na ba ta labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Madalla. Yanzu sun san akwai mutum a ɗakin."

Azumina na farko ya faɗo cikin sanyi, ana shan ruwa tun muna bakin aiki. Kullum lokaci na yi sai in ga ta leƙo da filas ɗin kunu a ƙarƙashin rigarta. Ta fi ni sanin lokacin.

Duk da haka, a wata na huɗu na karaya. Wani tsoho mara lafiya ya janye hannunsa ya ce kada in taɓa shi, a kira masa wata. A gaban mutane. Na koma ɗaki na haɗa akwatina. Na kira Mama na ce gida zan koma.

Ta zo ta tarar da akwatin a bakin ƙofa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna a kansa ta ce, "Ɗiyata, ki ba ni wata uku. In rana ta fara daɗewa ba ki sake shawara ba, ni zan kai ki filin jirgi." Ta karɓi fasfona ta sa a jakarta ta tafi da shi.

Wata uku suka cika ban ma tuna ba. Ita ce ta kawo fasfon wata Lahadi ta aje a kan tebur, ta ce, "Ga kayanki." Lokacin na fara jin maganar mutanen garin, har ina mayar wa direban bas da wasa. Tsohon nan ma, kafin a sallame shi ni yake nema in gyara masa matashi.

Sai daga baya na san nata labarin, don ba mai yawan faɗin kanta ba ce.

Mijinta soja ne, ya rasu ya bar ta da Bitrus yana ɗan shekara bakwai. Matar wani hafsa ta tafi da ita Ingila rainon yara lokacin da aka tura maigidan kwas. Ta bar yaron wurin 'yar'uwarta a Mahuta da niyyar shekara ɗaya. Masu gidan suka dawo, ita ta tsaya neman abin da za ta riƙe karatunsa da shi. Takardunta suka ƙare. In ta fita ba dawowa, sai ta zauna. Shekara ɗaya ta zama ashirin da wani abu.

Kafin takardun su daidaita, Bitrus ya girma ya yi aure, ya daina amsa wasiƙa. Takan naɗa masa murya a kaset ta ba masu zuwa gida. Shiru. Wani hutu da na zo na kai masa jaka guda ta kaya daga wurinta. Ya karɓa a tsaye ya ce, "Ki ce mata na gani."

Na koma na ce mata ya gode ƙwarai. Ta dube ni ta ce, "Ba ki iya ƙarya ba, Hauwa."

Tun daga nan ko na ce mu tafi gida tare sai ta ce baɗi. Matar da ta hana ni gudu, ashe ita tsoron komawa take yi.

Bara ta fara rama. Da ƙyar na ja ta aka yi gwaji. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. An yi magani iya yi. Farkon daminar nan likita ya zaunar da mu ya ce saura watanni kaɗan. Ni na fassara mata, ko da yake ta ji sarai.

Muna fitowa ta kama hannuna da ƙarfi ta ce, "Na ga yadda suke yi da wanda ba shi da kowa. Kada ki bari su ƙone gawata. Ki kai ni gida, ko Bitrus zai kore ni daga bakin ƙofa."

Ban taɓa jin tsoro irin na makonnin nan ba. Likita ya ƙi ba da takardar izinin hawa jirgi sai jininta ya hau. Sau biyu ana ɗaga tafiyar. Kowace safiya in zan buɗe ƙofarta gabana sai ya faɗi. Na kira Bitrus na gaya masa ranar zuwanmu, abin da ya ce kawai, "To."

A cikin jirgi na riƙe wuyan hannunta ina ƙirga bugun jini har muka sauka Abuja. Sannan ga hanyar Kontagora zuwa Zuru, waɗanda suka san ta sun san abin da nake nufi. Kowane rami muka faɗa sai ta cije leɓe. Amma da muka fara hango duwatsu da gonakin dawa sai ta ce a sauke gilas. Ta yi ta shaƙar iska tana kiran sunayen ƙauyuka, wasu ta dace, wasu direba ya gyara mata.

Mun isa Mahuta da la'asar. Bitrus na tsaye a ƙofar gida, ƙaton mutum da gemu, ya naɗe hannu a ƙirji. Mama ta yi ƙoƙarin saukowa, ƙafafunta suka ƙi. Ba wanda ya motsa. Ni dai addu'a nake a zuci.

Can sai ya tako. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak kamar jaririya. Na ji ya ce, "Haba. Haka kika koma?" Bai aje ta ba sai a kan gadonsa.

Matarsa ta turo wata yarinya ta gaishe ta. Mama ta tambayi sunanta. Matar ta ce, "Muna kiran ta Mami. Sunanki ne." Shekarar yarinyar biyar, ba wanda ya taɓa gaya wa Mama.

Na fita waje na jingina da mota na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Sati uku ta yi a gidan. Ban ce komai ya warware ba. Bitrus ya gaya mini akwai ranar da ya amayar mata da duk abin da ke cikinsa, tun daga ranar da ya yi ta jira a tasha yana yaro. Ta saurara har ƙarshe ba ta kare kanta ba. Bayan nan shi ke ba ta magani da hannunsa, ya hana kowa.

Shekaranjiya na hau bas na je duba ta. Na same ta a rumfa an jingina ta da matashi, hadari na haɗuwa, Bitrus na ba ta kunu da cokali tana yi masa tsiya wai ya cika suga. Ta shanye rabin kofi, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba.

Ta tambaye ni yaushe hutuna zai ƙare. Na ce sati mai zuwa, amma ina tunanin in ƙara. Ta ce, "A'a. Ki koma bakin aikinki. Can ma gidanki ne yanzu." Ta ce in na koma in ɗauki babbar tukunyarta, kada masu gidan haya su zubar. "In kin ga baƙo yana rawar sanyi a tasha, ki tambaye shi ko ya ci abinci. Ba sai ɗan Zuru ba."

Da zan tafi na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta dafa kaina ta ce, "Mi kika yi mini? Tashi, ruwa zai tare ki."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Bitrus ya ce yau da gari ya waye ta nemi a buɗe taga, ta sha ruwa, ta koma barci. Yana zaune kusa da ita. Babu wahala, babu kakari. A ɗakin ɗanta, a ƙasar iyayenta. Ni da na ga yadda masu irin ciwonta suke ƙarewa, na san abin da Allah ya yi mata. Nauyin da na yi wata da watanni ina ɗauke da shi, yau na ji ya sauka.

Ɗazu ya sake kira na. Ya ce fasto na tambayar waƙar da ta fi so don a rera wurin jana'iza gobe, shi kuma bai sani ba. Sannan ya ce, "Anti, ke kika zauna da ita."

Ban san kalmomin ba, ba addinina ba ne. Amma akwai wadda take yi a maƙogwaro kullum in tana goge ƙasa ko tana tuƙa tuwo. Na tsaya a bakin titi, 'yan acaɓa na wucewa, na yi masa amonta a waya. Ban kai rabi ba na ji ya karɓa. Ya ce da ita take yi masa wanka yana ƙarami. Ya rera mini har ƙarshe.

Gobe da sassafe za mu tafi Mahuta ni da mahaifiyata.

Ya Allah, kai ka san abin da baiwarka Talatu ta yi wa baƙuwar da ba ta haɗa komai da ita ba sai gari. Ka saka mata da mafificin alheri, ka sa ta huta. Ka ba Bitrus da iyalinsa haƙuri, ka sanyaya masa zuciya. 'Yan'uwanmu da ke warwatse a ƙasashen mutane, ka haɗa kowa da mai riƙe hannunsa, ka dawo da su gida lafiya.

Duk wanda ya karanta har nan, Musulmi ko Kirista, ina roƙon ka tsaya minti ɗaya ka sa ta a addu'a yadda ka iya. Ka ambaci sunanta. Talatu, uwar Bitrus.