Ranar da na sha lissafi

Shekarar da nake lise, wato sakandare, a Maraɗi, lissafi ya kayar da ni. Mushe, malaminmu, ya ce saura dama ɗaya bayan hutun damina, in na sake faɗuwa a kore ni. Baba kuwa ya riga ya nuna mini gonar geron da zan noma. Wallahi ko tuwo ba ya wuce mini.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne arcsin da arccos, inda ake ba ka lamba a ce ka nemo kusurwarta. Akwai tambayar da mushe yake so kamar ransa: arcsin x daidai da arccos 2x. Amsa biyu ke fitowa, mai ƙari da mai ragi, kuma dole a jefar da ɗaya. Na yi makonni a gida Madarumfa ina fama da alli a kan wani tsohon allo. Ana gobe zan tafi na warware ta, na rubuta dalilin a layin ƙasa. Na jingine allon, na tafi bakin tabki in yi wanka, da niyyar in dawo in haddace.

Ina dawowa na tarar da allon fes, yana ɗigar ruwa. Inna na tsaye da ƙwarya.

"Ungo, shanye," in ji ta. "Na ga wahalar da kake sha. Rubutu ai sai an sha yake zama."

Innalillahi! Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na dube ta, ashe ta fi ni tsoro. Na karɓa na kwankwaɗe, fari fat, har da dauɗar allo.

Washegari a Maraɗi tambayar ta fito a jarrabawa. Na kai ga amsa biyun, kaina ya ɗauke ɗif. Gumi ya jiƙa takardar, ba abin da nake gani sai gonar nan. Can na tambayi kaina: in x mai ragi ce, arcsin zai sauka ƙasa da sifiri, arccos kuwa ba ya taɓa sauka can. Na soke mai ragi.

Na ci, da ƙyar. Da labari ya iso gida, inna ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Ta ce tun ranar da na tafi take tsoron ko ruwan da ta zuba ya yi yawa.