Labulen Tsohon Tela

Kawo-in-yi ake ce mata a gida, kuma sunan ya bi jiki. Ita ce babba, ita ta raini ƙannenta bayan rasuwar uwarsu, kuma ba ta iya ganin mutum yana fama da abu ta ƙyale shi. Sai da autansu ya kama sana'a sannan ta shiga jami'a, ta zaɓi karatun aikin jin daɗin jama'a. Ƙannen suka ce, "Yaya, ai ke ya kamata ki koyar da malaman."

A shekara ta biyu aka tura ta koyon aiki wani zaure inda tsofaffin unguwa ke wuni. Nan ta tarar da wani tsohon tela, hannu na rawa, yana ta kokawa da zare da allura, ga yagaggen labulen taga a cinyarsa. Haba, ina za ta iya! Ta karɓe, ta tafi da shi gida, washegari ta dawo da shi ɗinke tsaf. Tsohon ya yi godiya har da sa albarka. Daga ranar bai sake zuwa ba.

'Yarsa ta ce ya koma ɗaki ya kwanta, wai ba abin da zai je yi. Abin ya tsaya wa Kawo-in-yi a rai, ta kai kuka wurin malamar da ke duba aikinsu.

Malamar ta ce, "Labulen nan tun bara yake ɗinkinsa, aikin ne ke fito da shi daga gida. Ke kuma me kika bar masa?"

Garin neman gira an rasa ido ke nan. Kunya ta rufe ta. Ta ciro yagaggen labulen ƙofar zauren, ta nufi gidansa.

"Baba, na yi maka shisshigi, ka yafe ni. Ga wannan, ya fi wancan yagewa."

Ya juya shi, ya ja tsaki. "Ɗakin nan ba haske. Kai min zaure."

Da ya zo, ta zauna gefensa ta danne hannayenta da cinya. Zare ya yi ta kuskure kafar allura, ita kuwa gumi har wuya, amma ba ta motsa ba. Da zaren ya shiga, sai da ta yi ƙwalla don daɗi.

Yanzu ta gama karatu, a zauren take aiki. Labulen ƙofar bai kai rabi ba, ɗinkin ma a karkace. Duk sabuwar ɗalibar da ta miƙa wa labulen hannu, sai Kawo-in-yi ta ce, "Bari, ƙanwata, yana da mai shi."